Jajayen Layuka Goma Sha Ɗaya

Maganin ɗigon ido kawai Hasiya ta fito saya wa mahaifinta a Kawo. Ranar Juma'a ce, la'asar ta yi sakaliya, hadari ya haɗo daga gabas ya tsaya cak bai zubo ba. Ta saya ta jefa a jaka, ta tare Keke a bakin tasha. Maimakon ta ce Kurmin Mashi, unguwarsu, sai ta ji bakinta ya ambaci layin ofishinsu. Ba mantuwa ta yi ba. Zuciya ce, tun bayan saukowa daga masallaci take tafarfasa, kuma da mahaifin nata suka yi.

Ofishin na rabon filayen ma'aikata ne, wani tsohon gini da fenti ya daɗe da yi wa sallama. A ɗakin ƙurya akwai wata ƙatuwar kwamfuta irin ta da, ta girmi Hasiya da shekara biyu, ita ke riƙe da lambar kowane fili da iyakarsa da sunan mai shi. Da Kobol aka rubuta mata umarni, wani tsohon harshen kwamfuta da yaran yanzu ko sunansa ba su sani ba. Layi dubu tamanin, ba ka gane kai balle gindi. Sababbin ma'aikata in sun kalla minti biyar sai su tashi neman maganin ciwon kai. Manhajar da suke rubutu a cikinta ta iya shafa wa kowace kalma launinta don ido ya rarrabe, amma harsunan zamani kaɗai ta sani. In aka buɗe mata Kobol sai ta zubo shi fari fat kamar tuwo ba miya. Shi ne Darakta Sharhabil ya ɗora wa Hasiya aikin sabunta ta. Wata uku ta yi tana koya mata tsohon harshen kalma bayan kalma: umarni shuɗi, sunaye rawaya, lambobi kore, bayanin da marubuci ya bar wa na bayansa kuma ruwan toka.

Darakta ya ɗauka ƙwazo ne ke sa ta kai yamma a kan aikin. Ina! Abin da take nema daban.

Rabin layukan nan mahaifinta, Malam Yahaya, ne ya rubuta su. Shekara goma sha tara da suka wuce aka kafa masa kwamiti. Rahoton masu awo ya ce filaye dubu huɗu da goma sha ɗaya aka yanka a hanyar Rigachikun, kwamfuta kuwa dubu huɗu cif take fitarwa. Taswirar kuwa gara ta cinye ta, ba wanda ya san waɗanne ne suka ɓace sai wanda ya iya karatun kwamfutar, shi ne kuwa Malam Yahaya. Aka ce ya nuna inda ya ɓoye su. Mutumin nan ya naɗe hannu ya yi gum. Aka kore shi, aka bi shi da suna, Yahaya mai filaye. Hasiya tana da shekara goma sha biyar lokacin, kuma ba ta manta komai ba: yadda mata ke rage murya in ta shiga gidan biki, yadda aka daina tura mahaifinta gaba in liman bai zo ba. Mutumin da ko bulo ɗaya bai taɓa ajiyewa ba, har yau a gidan haya yake, shi ne wai ɓarawon fili. Kai, mutane ba su da ta ido. Don ta wanke sunansa ta karanta kwamfuta, don shi ta nace sai da ta shiga wannan ofishin.

To, tsofaffin ma'aikatan suna da wata al'ada. A ƙarshen kowane layi, can gefen dama, akwai ɗan wuri mai ɗaukar harafi takwas wanda kwamfutar ba ta karantawa. A nan duk wanda ya taɓa layi yake rubuta lambar fayil ɗin da aka ba shi umarni a ciki, don kada gobe a ce daga kansa ya yi. Tsohuwar manhajar datse wurin take yi, ba ta nuna shi. Hasiya ta buɗe shi ta ba shi ruwan lemo. Ranar Laraba da ta gwada aikin a kan dukkan layukan, komai ya fito da launinsa tsaf, sai layuka goma sha ɗaya. Su jawur suka fito, ja irin na ƙasar da aka haƙo daga rami. Ita dai ba ta sa wannan launin a manhajarta ba. Ta bincika har sau uku ba ta ga inda ya fito ba, ta ja tsaki ta ce za ta gyara daga baya, don abin da layukan suka ce ya fi damunta. Kowanne cewa yake in an zo kan fili mai lamba kaza, a tsallake. A gefensu kuma ga lambar fayil.

Ta samo fayil ɗin a sito, ƙarƙashin karyayyun kujeru. Umarni ne a rubuce, da sa hannun marigayi Alhaji Shamsuddeen, shugaban masu awo na wancan zamanin, wanda shi ma yana zaune a kwamitin da ya kori mahaifinta. Ya rubuta cewa an kafa turakun awo a filayen nan sau uku, sau uku ana wayar gari a tarar an tumɓuke su an jera a gefen hanya, don haka bisa al'adar aiki a bar wa masu wurin wurinsu. A ƙasa akwai sunayen mutum uku da aka fara ba filayen kafin a ankara. Biyu an rubuta sun rasu. Na ukun an rubuta an kai shi gida ɗaure.

Da murnarta ta kai wa mahaifinta. Malam Yahaya idonsa ya yi rauni, sai ya shafa bangon fayil ɗin da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa, sannan ya miƙa mata.

"Mayar da shi inda kika ɗauko."

Ta ɗauka bai gane ba ne, ta sake yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce ya gane sarai. Ya ce Shamsuddeen bai ci amanarsa ba, shawara suka yi su biyu. Da sun faɗa wa kwamiti gaskiya, dariya za a yi a raba filayen kafin sati ya zagayo, shi ya sa ɗayansu ya ɗauki laifin. A nan ne Hasiya ta fashe. Ta ce ashe saboda camfi ya bari aka zubar musu da mutunci. Ta ce mahaifiyarta ta mutu da baƙin cikin sunan nan, shi kuma yana zaune yana gadin ciyawa. Ta faɗi abin da bai kamata 'ya ta faɗa wa uba ba, ta kuma san ta faɗa. Bai ɗaga murya ba.

"Abin da kika haska, Hasiya, ba ke kaɗai za ki gani ba."

Maganar ke nan da ta yi ta cin ta a cikin Keke. Ta riga ta rubuta rahoto, ta haɗa da hoton fayil ɗin da sabuwar manhajar, saura ta aika wa Darakta da 'yan kwamitin gudanarwa. Daga ɗakin kwamfutar kaɗai ake iya aikawa. Da Litinin ta bar wa abin, yanzu kuwa ta rantse ba za ta kwana ba sai ya tafi.

Ta tarar da Malam Sadiq maigadi a tsugune bakin get yana alwala. Tsoho ne, tun zamanin mahaifinta yake nan. Da ya ga ta nufi ciki sai ya tsaya da buta a hannu, ya ce ta yi haƙuri a idar da magariba, don tun da can ba a zama ɗakin ƙurya a wannan lokacin, ko Malam Yahaya da kansa fitowa yake yi ya zauna a benci. Ambaton Malam ɗin ya ƙara tunzura ta. Ta ce minti biyar za ta yi, ta karɓi makulli ta wuce. Ta ji yana faɗin wanda bai ji bari ba, bai ƙarasa ba ya ci gaba da wanke ƙafa.

Barandar ba kowa. Takalminta kaɗai ke magana. Ta buɗe ɗakin, sanyin na'ura ya doke ta, da warin ƙura da tsohuwar waya. Kwamfutar na ta gurnaninta na kullum a bayan gilashi. Ta zauna, ta kunna allo, ta buɗe layukan don ta ƙara kallonsu sau ɗaya. Shuɗi, rawaya, kore, ruwan toka, sai jan nan a tsakiya. Ya fi na ranar Laraba duhu. Kamar ma da laima a jikinsa.

Aka ɗauke wuta.

Ba ta damu ba, Kaduna ce. Kwamfutar ta koma kan batir, na'urar sanyi ta yi shiru, ɗakin ya rage daga ita sai hasken allo. Ta jawo saƙon ta fara jera sunayen waɗanda za ta aika wa.

Sai ta ji ƙamshin ƙasa. Ta ce ruwa ne ya sauko, ta saurara. Ko ɗigo babu a kan kwano. Ɗakin kuma ba shi da taga. Bayan ƙamshin ƙasa sai na hayaƙin itace, sai na dafaffen wake, sai warin garken awaki. Warin gida sosai, gidan da ke cike da mutane.

Daga ƙarƙashin daɓen ɗakin, inda wayoyi ke bi, aka fara daka.

Dum. Dum. Dum.

Taɓarya biyu ne, suna karɓa-karɓa. Can wani jariri ya canyara kuka, aka yi masa jijjiga ya yi shiru. Hasiya ta ɗauke ƙafafunta daga ƙasa ta ɗora a kan ƙarfen kujera. Ta ji tsoro, ba ƙarya. Amma tsoron ya tarar da fushi ya riga shi zama.

Wani abu ya faɗo a kan teburinta. Ta duba da hasken allo. Turken awo ne na katako, tsininsa da ɗanyar jar ƙasa, an rubuta lamba a jikinsa da baƙin fenti. Ta san lambar, ita ce ta layin farko. Na biyu ya faɗo kusa da shi. Na uku. Ba jefowa ake yi ba, ajiyewa ake a hankali, ana daidaita kawunansu. Ta ƙirga ba da sonta ba har goma sha ɗaya.

Dakan ya tsaya.

"Salamu alaikum."

A bayanta ne, daf da kunnenta. Muryar tsohuwa, ƙasa-ƙasa. Numfashin ya taɓa wuyanta da sanyi.

Ba ta amsa ba. Ba ta juya ba. A gilashin allon ta gan su, a bayan launukanta. Sun jeru jikin bango, dogaye ƙwarai, duk sun sunkuyar da kai saboda rufin ɗakin ya yi musu kaɗan. Wasu da goyo. Fuskokinsu ba su fito ba, sai idanu, kuma duk allon suke kallo suna ƙiƙƙiftawa kamar wanda aka haska wa tocila.

"'Yar Yahaya, kashe fitilarki. Tun shekaranjiya yaranmu ba su runtsa ba."

Maganar ta fito daga bakin Hasiya.

"Yaranku? Ni ba 'ya ba ce?"

Ta ƙara ɗaga murya.

"Shekara goma sha tara kuna barci a kan mutuncin ubana. Wane ne a cikinku ya taɓa zuwa ya ce sannu?"

"An tambaye shi, ya yarda."

"Ni ba a tambaye ni ba."

Wani ya motsa a jikin bango. Ta ji ƙarar gwiwa, irin ta busasshen reshe. Tsohuwar ta ƙara matsowa, har Hasiya ta ji nauyin hannu a kan kafaɗar kujerarta.

"Ba mu da faɗa da kowa. Amma duk wanda aka rubuta sunansa a ƙofarmu, maƙwabci ne. Mukan je gaisuwa."

Da mai hankali ne a wannan lokacin, da ya kashe allo ya nemi ƙofa. Hasiya kuwa fuskar mahaifiyarta ta gani, ranar da aka kawo takardar kora, tana zaune bakin murhu ta kasa kuka. Zuciya ta rufe mata ido. Ta ce a ranta ko su waye, yau sai dai a yi wadda za a yi.

Ta danna maɓallin aikawa.

Allon ya yi ƙif ya koma ja gaba ɗaya.

Wani irin numfashi ya tashi a ɗakin, na mutane da yawa a lokaci guda.

Ta zabura. Kujera ta kife.

Ƙafarta ba ta sami daɓe ba. Taɓo ne, mai sanyi, ya haɗiye ta har idon sawu.

Ta fizge. Ɗayar ta nutse.

Ƙofa taku huɗu ce. Ta san taku huɗu ce. Ta yi goma ba ta kai ba.

Ciyawa na shafar gwiwarta. Ƙaya ta kama zanenta.

Ƙananan hannaye suka riƙe mayafinta ta baya, da yawa, suna ja.

Ta saki mayafin.

Aka kama gashinta.

Ta buɗe baki ta yi addu'a, ƙasa ta cika shi.

Can nesa, kamar daga wani gari, ladan ya ɗaga murya. Riƙon ya ɗan sassauta. Ta tattara abin da ya rage mata ta yi gaba da rarrafe, goshinta ya bugi ƙarfe. Ƙofar ta buɗe daga waje, hasken tocila ya faɗo, Malam Sadiq ya damƙi hannunta yana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Ya finciko ta baranda ya maida ƙofar ya danna kwaɗo. Daga ciki aka ƙwanƙwasa sau ɗaya, a hankali.

Ya dube ta, jar ƙasa har cinya, bakinta duk laka. Bai tambaye ta abin da ta gani ba. Tambaya ɗaya ya yi, ko ta aika. Ta gyaɗa kai. Tsohon ya zauna a ƙasa ya riƙe kansa.

Kwana tara ta yi a kwance, zazzaɓi na kaɗa ta, komai ta sa a baki ɗanɗanon ƙasa take ji. Mahaifinta ne ke zama a kanta yana tofa mata addu'a, bai taɓa tayar da maganar ba. A kwanakin nan ofis ya yi abin da bai taɓa yi ba, wato sauri. Darakta Sharhabil ya ga filaye goma sha ɗaya sun faɗo masa daga sama, a wurin da yanzu gari ya cim masa. Aka karanta dalilin Alhaji Shamsuddeen a taro, aka yi dariya har da masu share hawaye. Yaran da a da ba sa iya kallon Kobol minti biyar, yanzu da launukan Hasiya a gabansu, cikin minti biyu suka gano layukan suka goge.

Ranar da ta fara iya zama, sai ga mota a ƙofar gida. Darakta ne da kansa, da mutum biyu da mai ɗaukar hoto. Aka karanta wa Malam Yahaya takardar wanke shi daga duk wani zargi, aka ba shi haƙuri a gaban maƙwabta. Masu rage murya jiya su ne a gaba wajen cewa dama su sun san Malam ba zai aikata ba. Hasiya tana daga bakin ƙofa, hawaye na zuba, daɗi ya cika ta har ta manta ɗakin ƙurya. Sai Darakta ya zaro takarda ta biyu. Ya ce ofis ba zai iya mayar da shekarun da suka wuce ba, amma ya ga ya dace a share wa Malam hawaye da fili ɗaya daga cikin waɗanda aka gano, an ma riga an shigar da sunansa. Sauran goman an raba wa ma'aikatan da suka daɗe a layi. Ya karanto lambar. Aka yi tafi.

Malam Yahaya ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Da baƙi suka watse Hasiya ta durƙusa a gabansa. Ta ce yanzu-yanzu za ta je ta cire sunansa, ko da za a kore ta.

"In kin cire nawa, na wa za a sa?"

Ya tambaye ta su waye goman. Ta karanto masa daga takardar: masinja, direbobi biyu, wata mai shara da ta yi shekara ashirin tana jira, wata bazawara mai 'ya'ya biyar a sashen fayil, da wasu mutum biyar. Duk ta san su, wasu tare suke cin abincin rana. Ya ce masinjan ɗan wane ne, ta faɗa masa, ya ce ya san uban.

Sai ya shiga yi mata bayanin aiki, tiryan-tiryan, kamar yana koya wa sabon ma'aikaci. Ya ce ɓoyewa ta ƙare, tunda kowa ya ga lambobin. Amma akwai dokar ofis da ba ta canza ba: filin da ake rigima a kansa ba a taɓa shi, sunan da aka tarar a kai shi ke zama har kwamitin bincike ya gama aiki. Ya ce shi ya yi aikin gwamnati shekara ashirin da biyu, bai taɓa ganin kwamitin da aka kafa a kan fili ya gama ba.

Sai a nan ta gane inda ya dosa.

"Baba, don Allah."

"Duka goma sha ɗayan. Sunana za ki sa."

"Za su ce dama gaskiya ne. Za su ce ni da kai muka haɗa baki tun farko."

"Za su ce."

"Kwana ɗaya fa, Baba. Kwana ɗaya tak ka yi da sunanka."

"Na ji daɗinsa kuwa, Allah Ya yi miki albarka. Tashi ki je tun rana ba ta yi sanyi ba."

Ta so ta yi masa gardama irin ta ranar Juma'a, ta nemi fushin ta rasa wanda za ta ɗora wa. Darakta bai san komai ba. Mutanen ɗakin ƙurya sun yi mata kashedi da bakinsu. Tsohon nan kuwa ya gaya mata tun fayil ɗin na hannunsa. Ita ce dai, ita kaɗai, kuma haushin kanta da ta ji a ranar ya fi duk wanda ta taɓa ji a kan wani.

Da rana tsaka ta shiga ɗakin, ma'aikata sun fita cin abinci. Ba wari, ba motsi, daɓe a bushe. Ta buɗe wurin da aka goge layukan ta rubuta sababbi goma sha ɗaya, kowanne na cewa fili mai lamba kaza na Yahaya Abdulmalik ne. A gefen dama, inda ake sa lambar fayil, ba ta da abin sawa, ta bar shi fayau. Manhajarta ta yi aikinta ba kuskure. Sunan ya fito rawaya ɓaro-ɓaro, sau goma sha ɗaya a jere, ko daga bakin ƙofa ana iya karantawa.

Kafin la'asar an gani. Kafin sati an dakatar da ita, an kafa kwamiti, an hana taɓa filayen. Bazawarar sashen fayil ta zo har gida ta tsaya a ƙofa ta yi musu Allah Ya isa, unguwa na kallo. Malam Yahaya yana ciki yana ji, ya hana kowa fita.

Shekara biyu ke nan. Kwamitin ya zauna sau ɗaya ya ɗage zama. Masinjan nan ya yi aure, mai shara ta ga jikanta, bazawarar tana nan lafiya lau, in ta hango Hasiya a kasuwa sai ta tofar da yawu ta sauya hanya. Ofis kuma har gobe da manhajar Hasiya yake aiki, an ce ma wasu ofisoshin sun roƙa an ba su.

A gidan Kurmin Mashi, da rana ta yi ja Malam Yahaya yakan sa a shimfiɗa tabarmi biyu a zaure, ya kori kowa ciki, ya ce a rufe ƙofar tsakar gida. Ya rame ƙwarai, kunnensa ɗaya ya daina ji. Da safe Hasiya ce ke share jar ƙasar da ke kan tabarmin. Wata rana tana shara ta ji wasu samari biyu na wucewa, ɗaya na nuna wa ɗaya gidan, yana cewa nan ne gidan tsohon da ya sace filaye sau biyu. Ta miƙe da tsintsiya a hannu, ta kai bakin ƙofa.

Daga ɗaki mahaifinta ya kira ta, ya ce ta zo ta ɗiga masa magani, idon na yi masa zafi. Ta tsaya har samarin suka sha kwana, sannan ta jingine tsintsiyar ta shiga.